Amaryar da Ta Ƙi Zagaya Wuta

Bebe Surjit, wato Inna Surjit a yarensu, na tsakar gida tana mulmula alawar riɗi da mazarƙwaila, bakinta bai huta ba.

"Shekara shida, Gurtej! Duk bikin Lohri unguwa ta hura wuta, matarka ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Mun zama abin gulma! Kafin ka koma Italiya ka mayar da ita gidan ubanta!"

Kwanan ɗan nata huɗu da dawowa, har ƙauyen ya fara isarsa. Wata biyu da aurensu ya tafi tatsar shanun Turawa, don haka bai san halin matarsa Navkiran sosai ba. Amma abin ya ɗaure masa kai. Wa yake gudun Lohri?

Ya same ta tana goge jan mayafinta na aure.

"Wai ke tsoron wuta kike yi?"

"Ni da nake wuni a bakin murhu?"

"To mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Lohrin farko, amarya da angonta suke zagaya wuta. Shekarar da ka tafi, Bebe ta ce in rungumi hotonka in zagaya. Hoto fa — kamar wadda mijinta ya mutu! Sai na ce a raina, nawa Lohrin bai zo ba tukuna."

"Haba! Me ya hana ki faɗa mata?"

"In ce mata ɗanta ne mai laifi?" Hawaye suka zubo mata.

Gurtej ya share mata hawayen.

Ranar Lohri da almuru aka hura wuta, ganga ta ɗauka, jama'a na watsa gyaɗa da gugguru a cikin wutar. Sai ga Gurtej riƙe da hannun Navkiran, tana cikin jan mayafi. Mata suka hau zunguren juna.

"Bebe," ya ce da ƙarfi, "ba ita ta ƙi fitowa ba. Ni ne ban zo ba."

"Tikitinka fa?"

"Ya jira. Biza biyu, tawa da tata, ko babu tafiya!"

Bebe ta daɗe tana kallon surukarta, sannan ta cika mata tafi da riɗi.

"Zuba, 'yata. Ke ce za ki fara."

Wutar ta yi tartsatsi, suka zagaya tare.

Kada a yanke wa mai shiru hukunci kafin a tambaye shi. Navkiran ta yi haƙurin shekara shida, tambaya ɗaya ta wanke ta.