Muryar Kusai Ba Ta Haye Ba

"Kada kowa ya kunna komai a gidan nan!" Rihab ta faɗa. "Ko fanka!"

Wutar gwamnati ta ɗauke tun hantsi, yadda ta saba a Basra, gidan yana kan injin janareton unguwa. Injin kuwa ba ya ɗaukar wargi, ka ƙara masa kaya kaɗan makunni ya faɗi. Ko yaron goye ya san haka.

Muhannad, mai gyaran kwamfuta wanda aka yi musu baiko da Rihab, yana durƙushe gaban tsohuwar kwamfutar tebur ta yayanta Kusai, wanda kogi ya ci bara. Ya ja waya ya haɗa ta da laftof ɗinsa domin ya kwashe abin da ke cikinta. A cikin tsohuwar kwamfutar kaɗai muryar Kusai ta rage, bidiyoyinsa yana dariya yana tsokanar Umma. Kullum bayan la'asar sai Umma ta kalla kafin abinci ya wuce mata.

"Kina jin ƙarar nan, hasken idona?" in ji Muhannad. "Faifan cikinta ya gaji. In ta mutu muna tsaka da kwasa, ba za ta sake tashi ba."

"Mu jira wutar gwamnati?"

"Wannan da ko gaisuwa ba ta tsayawa a gama? Gara injin. Me za mu fara ɗauka?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Hotunan baikonmu..."

"Rihab, na Kusai fa?"

"Ai namu kaɗan ne. Don Allah, masoyina..."

Ya san bai kamata ba, amma ya bi ta. Yaran yanzu ke nan, sun ɗauka biyewa juna ita ce ƙauna.

Goggo Sajida, ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta Nizar kwaɗayin Rihab, ta leƙo.

"Mai gyara, har yanzu? Ko kwana za ka yi mana?"

"Saura kaɗan, Goggo. A dai yi haƙuri da wutar."

"To, Allah ya taimaka."

Ta juya. Hotunan suka gama hayewa, bidiyon farko ya kama hanya.

Ƙas!

Makunni ya faɗi. Laftof na nan da haskensa, kwamfutar Kusai kuwa ta yi tsit.

Rihab ta ruga. Ta tarar da Goggo riƙe da dutsen guga na lantarki.

"Goggo! Ba ki ji ni ba?"

"Rigar yayana nake gogewa, 'yar nan. Laifi ne?"

Muhannad ya yi ta fama har gumi ya jiƙa rigarsa. Faifan ko motsi bai yi ba.

Baba ya shigo, Umma na bayansa.

"Kai ne mai sana'ar. Me ya haye?"

Muhannad ya buɗe laftof ɗin. Ga Rihab cikin shuɗiyar riga, ga zobe, ga tiren alawar baklawa.

Umma ta matso tana ƙura ido.

"Ina ɗana?"



"Wa ya sa waɗannan a gaba?" Baba ya daka tsawa.

Rihab ta buɗe baki...

"Ni ne, Baba," in ji Muhannad.

Baba ya zare zoben daga yatsanta da kansa, ya ajiye a kan laftof ɗin.

Rihab ta cimma Muhannad a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Zan faɗa musu ni ce! Wallahi zan faɗa!"

"Ki faɗa, Umma ta rasa 'ya'ya biyu? Bar ta ta tsane ni. Ni ba a gidan nake kwana ba."

"Muhannad..."

"Koma ciki, hasken idona. Rana na dukanki."

Bai waiwayo ba.

Nizar ya aiko neman aurenta, ta ƙi. Ya sake aikowa, ta ƙi, har Goggo ta ɗauke ƙafa daga gidan.

Yanzu kullum bayan la'asar Rihab kan kawo tire ta zauna gaban Umma, ta kwaikwayi tsokanar Kusai, ta ƙaƙalo dariyarsa, ko Umma za ta ci loma ɗaya.

Umma kan dube ta, ta ture tiren.

"Ba haka yake dariya ba."