Shaidar Ƙuraje

"Ke Ajuma, matso cikin haske in ga huskarki!"

Inna Tabawa ce, uwar mijinta, ta yi kiran daga bakin murhu. Ajuma ta jingine taɓarya ta zo ta durƙusa. Tsohuwa ta kama haɓarta, ta juya dama, ta juya hagu, sai ta saki salati.

"Ɗiyanki huɗu, duk a hannuna kika haihe su. Ban taɓa ganin ƙurajen ga gare ki ba sai kina da ƙaramin ciki. To, mijinki Ma'azu tun bayan girbi yana Kwatano wurin cin rani, shekaranjiya ya sauka. Na wane ne?"

Ajuma ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

"Inna, wallahi ba ni da komi!"

"Huska ba ta ƙarya, yarinya."

Kayya! Gaskiyar ba ta kai ta kawo ba. Ajuma ta haura talatin, rana da hayaƙin murhu sun fara tattare mata gefen ido. Da ta ji mijinta na tafe, sai ta sayi wani man shafawa a kasuwar Kore Mairuwa, mai tallar ya rantse zai mai da ta budurwa. Budurwa ina! Goshi da haɓa suka feso da ƙuraje jajur. To amma yaya mace mai 'ya budurwa za ta dubi surukarta ta ce, don ɗanki na yi kwalliya? Kunya ta ɗaure mata harshe.

Ma'azu na tsaye bakin zaure, duk a kunnensa aka yi. Ta ɗago ido tana jiran kalma ɗaya tak daga bakinsa. Ya sunkuyar da kai.

A ɗaki ta zaro kwalbar ta miƙa masa, hawaye na zuba.

"Baban Samira, ga cikin nan. Saboda kai na shafa, kar ka dawo ka iske na tsufa."

Ya jujjuya kwalbar ya ce, "Mu tahi likita a yi awo, a toshe bakin mutane."

"Bakin mutane ko zuciyarka?"

Ya tura kwalbar aljihu ya fice. Fitar nan ta fi maganar Inna ciwo.

Da safe ya ɗauke ta a babur, ko gefen rigarsa ba ta riƙe ba. A asibiti madam mai duba mata masu ciki ta yi awo, ta fito tana harararsa.

"Babu ciki, malam. Man nan ne ya toshe mata fata. Kuma ƙuraje ba sa tambayar shekaru, babba ma suna fito mata." Ta juya ga Ajuma. "Ki jefar da shi. Ki wanke fuska a hankali safe da yamma, kar ki matsa su, ki rage shiga rana. Ga magani."

A waje Ma'azu ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Ni dama na san..."

"Da ka sani, Baban Samira, da ba mu zo nan ba."

Nan ya durƙushe gefen babur, namiji guda yana kuka, mutane na kallo.

Da suka koma shi da kansa ya tara gidan ya wanke matarsa tas. Inna Tabawa ta tako har ɗaki da ƙafarta ta nemi gafara, abin da ba a taɓa gani ba. Ajuma ta yafe, ba ta yi yaji ba, ba ta rama ba, kuma tun daga ranar babu mai ɗaga mata murya a gidan. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Amma ku ji, maza: ranar da danginku suka zargi matarku, ranar take buƙatar bakinku, ba bayan likita ya yi magana ba.

Kafin hatsi ya nuna fuskar Ajuma ta warke. Tana yi wa mijinta girki, tana yi masa murmushi. Sai dai har yau ba ta ƙara tambayarsa ko ta yi kyau ba.