Haihuwar da Sahura ta karɓa a kufai

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan labari ba a ɗaga murya a kansa.

Kun san Inna Sahura ungozoma, mai ɗakin karɓar haihuwa a bayan kasuwa. Ta daɗe tana aiki a asibiti kafin ta ajiye ta buɗe nata. Mata suna tururuwa wurinta ne don ba ta tsawa, ba ta marin cinya, kuma takan tambayi mace yadda take so. Mai son durƙuso ta durƙusa, mai son kwanciya ta kwanta. Wadda ba ta son uwar miji a ɗaki, Sahura da kanta take fitar da ita. Shi ya sa tsofaffi da yawa suke jin haushinta.

Wata Laraba a bazara, rana tsaka, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Sahura na tafasa almakashi sai ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa. Ba sallama. Tsohuwa ce doguwa, ta ja baƙin mayafi har ƙasa. Ta ce matar ɗanta ce ke naƙuda, yau kwana biyu. Sahura ta tambayi gidan wa, kuma ko yarinyar ta yi awo.

"Ɗauko jakarki," in ji tsohuwar. "Ita ta rantse ba mai taɓa ta sai ke. Da ta ni ce, ba ki taka mana gida."

Sahura ta saba da irin wannan fuska, don haka ba ta damu ba. Ta rataya jaka ta bi ta.

Suka wuce gidajen ƙarshe, suka ratsa gonaki, suka gangara busasshen rafi. A nan ta fara lura. Tsohuwar tana gabanta, amma duk sanda ta ce ta yi sauri, muryar daga bayan wuyan Sahura take fitowa. Ta sunkuyar da kai ta dubi yashi. Sawunta na fuskantar gaba. Sawun tsohuwar kuwa gari yake fuskanta. Iska ta ɗan ɗaga mayafin, ta ga diddige a gaba, yatsu a baya.

Ta tsaya cak. Ta waiwaya, ba gari, ba gona, sai yashi iya ganinta. Ta yi ta'awwuzi a zuci. Tsohuwar ta ja dogon tsaki, ba ta ko juyo ba. Sahura ta tuna akwai mace a can da ta kwana biyu tana murƙususu. Ta ci gaba.

Tsohon kufan da ke hayin rafi suka nufa, inda ta san babu komai sai rusassun katangu. Ranar gida ta tarar, har da zaure. Ɗakin da aka shigar da ita sanyi kamar cikin randa. Mata shida suna tsaye jikin bango, duk sun ba ta baya. A tsakiya yarinya ce kan tabarma, leɓenta ya tsattsage.

Da ƙyar take magana. Ta ce 'ya'ya biyu ta rasa a ɗakin nan, don in haihuwa ta yi gardama, taɓarya suke ɗora mata a ciki su danna. Ta ce a bakin masu ɗiban ruwa ta ji labarin wata bil'adama da ke tambayar mace abin da take so.

Sahura ta sa safar hannu ta duba. Ɗan da ƙafa ya taho. Kafin ta ɗago, tsohuwar ta shigo da taɓarya, matan nan shida suka fara matsowa da baya da baya. Sahura ta tare cikin da jikinta, ta dubi yarinyar.

"Me kike so?"

"Su fita."

Sahura ta maimaita musu. Tsohuwar ta sunkuyo har numfashinta ya taɓa kunnenta, wari kamar na tsohuwar rijiya.

"In ya mutu, a nan za ki kwana. Kuma ba yau kaɗai ba."

Sahura ba ta ga fitarsu ba. Ta dai ɗaga ido ta ga ɗaki wayam. Sai dai tana jin numfashinsu ta cikin bango.

Yarinyar ta ce durƙuso take so, ta kama ginshiƙi. Sahura ta yi bisimilla a fili, ƙasa ta zubo daga rufi. Ba ta ja ɗan ba. Ta jira, tana lallashi, tana cewa yunƙura, huta, yunƙura. Ƙafafu suka fito, 'yan mitsi-mitsi, a juye irin na kakarsa. Saura kaɗan ta sake shi. Ta cije. Hannaye suka biyo, sannan kai.

Bai yi kuka ba. Jikin bango aka fara kartawa da farce, ta ko'ina. Ta share masa baki, ta kifa shi tana murza bayansa, ta juyo shi ta hura masa iska. Shiru. Kartar ta ƙaru. Ta sake hurawa. Sai ya yi atishawa, ya tsala kuka siriri mai murya biyu. Kartar ta tsaya.

Ta yanke cibiya, mabiyiya ta faɗo, ta gyara mai jego. Yarinyar ta kamo hannunta na dama ta danna a kan cikinta. Wani sanyi ya ratsa Sahura har kafaɗa. Yarinyar ta raɗa mata cewa kada ta ci ko ta sha komai a gidan, kuma duk wanda ya kira ta a hanya kada ta amsa.

A zaure tsohuwar ta tare ta da ƙwaryar fura. Sahura ta ce ta ƙoshi.

"Kin kore ni daga ɗakin ɗana," in ji tsohuwar. "Jikan ya rayu, tafi. Amma ban yafe ba."

Sahura tana shiga rafi aka kira sunanta da muryar mahaifiyarta da ta rasu. Aka sake kira da muryar 'yarta, tana kuka. Ta toshe kunne tana hawaye, ba ta tsaya ba sai da ta hango rumfunan kasuwa. La'asar ce a ganinta. Ta tarar gidanta cike da mutane, an gaji da cigiya. Ashe ranar Asabar ce.

Tun daga nan hannun bai ƙara ɗumi ba. Sai ta gasa shi a garwashi kafin ta taɓa mace. In kuma ta ɗora shi a cikin da ke da matsala, zogi ke soke ta har kafaɗa, nan take ta gaya wa mai cikin gaskiya, ta ce shawararta a tafi babban asibiti. Mata da yawa sun tsira ta haka.

Tsohuwar kuwa tana nan. Bara wata mai tallan nono ta ratso rafin ita kaɗai da rana tsaka, wata doguwa ta tambaye ta ko Sahura na raye har yanzu. Mai nonon ta amsa. Sai da ta yi wata guda cur ba ta iya magana.

Don haka ko me aka aike ku, in rana ta take tsaka, kada ɗayanku ya ratsa rafin nan shi kaɗai.