Ranar da Kaka Ta Tare Motar Shara

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko abinci a tsaye yake ci. Shi ya sa 'yan ajinsu suka sa masa suna Ɗan Sauri.

A hannun kakarsa yake. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta daɗe da yin ritaya. Har yau idan ta ga an lanƙwasa gefen shafi, sai ta ɓata rai. Cikin wasa takan kira jikan nata "maigidana". Ranar da ta daina kiransa haka, to ya san akwai magana.

Wata ranar Alhamis aka kawo sababbin littattafai ɗakin karatun makarantarsu. Kantoci suka cika. Malamar ɗakin karatu ta fitar da tsofaffin, ta kira Ɗan Sauri.

"Ka loda waɗannan a baro, ka kai su sito," in ji ta. "Ranar Asabar za mu tantance su. Masu kyau a sayar wa iyaye da araha. Waɗanda suka lalace a kai wa mai sayen takarda, a narka su a yi sabuwa."

"To, Malama."

Ta ɗora wani shuɗin littafi a sama. "Wannan ka lura da shi. Na yi wa abokiyar zamanka alkawarinsa. Yau tana asibitin ido, gobe za ta karɓa."

Yarinyar benci ɗaya suke zama. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, ko da tabarau. Shuɗin littafin labarin kifayen teku ne, baƙaƙensa manya-manya kamar maɓallan riga. A duk makarantar, shi kaɗai take iya karantawa da kanta.

Ɗan Sauri ya turo baro. Sito yana can bayan aji shida, ga hawa a hanyar. Ƙaton tankin shara kuwa ga shi nan kusa da ƙofar makaranta. Sai ya ji usur daga filin ƙwallo.

"Ai tsofaffi ne," ya ce a ransa. "Wa zai tambaya?"

Ya jingina katako, ya hau da baron, ya juye shi cikin tankin. Ya zura da gudu. Shuɗin littafi ko tuna shi bai yi ba.

Da yamma yana cin abinci, ya fara cika baki.

"Kaka, yau an ba ni aikin da zai cinye hutun tara. Kafin a ƙifta ido na gama."

"Madalla da maigidana. Wane aiki ne?"

Ya faɗa mata duka, yana dariya. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokali. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Yaro, maimaita. A ina ka zuba su?"

Ɗan Sauri ya zauna. Rabon da ya zauna yana cin abinci har ya manta.

"A shara, Kaka. Amma fa sun tsufa."

"Ni ma na tsufa. Ɗauko baron ka kai ni."

Ya sunkuyar da kai. Can sai ya tuna shuɗin littafi. Da ya faɗa mata, sai ta tambaye shi:

"Yaushe motar shara ke zuwa?"

"Juma'a da safe."

"Gobe ke nan. Ka nemo tsofaffin kayanka. Ba da kayan makaranta za ka fara aiki ba."

Kafin su tashi daga cin abinci, yayyafi ya soma sauka.

Washegari, kafin a kaɗa ƙararrawa, Kaka ta iso makaranta. Lema a hannunta, jikanta yana biye da kujerar roba. Ta sa ya ajiye kujerar daidai gaban tankin. Ta zauna.

Motar shara ta iso. Direba ya yi hon. Kaka ko motsi ba ta yi ba. Ya leƙo ta taga.

"Baba, a ɗan matsa mana. Muna da sauran unguwanni."

"Ɗana, kashe motar ka huta. Akwai kayan da suka shiga nan bisa kuskure."

Hon ɗin ne ya fito da shugaban makaranta daga ofis. Da ya ga mai zaune a kujerar, ya rage sauri, ya rusuna. Ita ta koyar da shi a aji uku.

"Malama, barka da asuba. Lafiya?"

"Da lafiya da ba ka gan ni a bakin shara ba. Leƙa ciki."

Ya leƙa. Ya sosa ƙeya.

"Ayya, Malama, ai mun riga mun cire su. Abin da ya shiga shara ya zama shara. Ko bara ma haka aka yi da su."

"Bara ma?" Kaka ta miƙe tsaye. "Kai da na kama hannunka na koya maka riƙe fensir? Ka tuna ku nawa kuke haɗa kai a kan littafi ɗaya? Har kuka kake yi idan aka juya shafi ba ka gama ba. Yau kai ne kake aika littafi bola?"

Ɗalibai sun fara taruwa. Shugaban makaranta ya rage murya.

"Malama, a gaban yara."

"A gabansu aka zubar, a gabansu za a kwashe. Jikana ya yi laifi, shi zai shiga ciki. Kai kuma ka kawo masa safar hannu. Ranar Asabar ina son in ga tebur a ƙofar nan. Kuma a samo akwati mai murfi, a ajiye kusa da ɗakin karatu. Takarda ba za ta sake kwana da ragowar abinci ba."

"Za a yi, Malama."

"Ba 'za a yi' ba. Wa zai yi?"

"Ni zan yi."

Direba ya fashe da dariya, ya kashe mota. "Ni dai na gode Allah ba a ajinki na yi ba, Baba."

"Da ka yi, da ba ka yi wa tsohuwa hon ba."

Ɗan Sauri ya shiga tankin. Wari ya doke shi. Masu sayar da abinci sun zuba ragowar jiya a kan littattafan, ga ruwan yayyafi ya taru a ƙasa. Yana miƙowa, malamar ɗakin karatu tana karɓa, Kaka tana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Abokiyar zamansa ta iso, ta tsaya a gefe. Ta zuba masa ido. Kallon nata ya fi masa faɗan Kaka ciwo.

Ya daɗe bai ga shuɗin littafi ba. Abin da ke saman baro shi ke komawa ƙasa idan an juye. A can ƙarƙashi ya same shi, cikin ruwa. Bangon ya jiƙe. Shafukan ƙarshe sun sha mai, rubutun ya dushe.

Ya miƙa wa abokiyar zamansa littafin. "Ki yi haƙuri."

Ta kawo shi kusa da tabarau. "Ƙarshen ba ya ganuwa," ta ce a hankali. "Kuma ban kai wurin ba tukuna."

Littattafai da yawa sun tsira. Amma aka ware wani tari a gefe. Malamar ɗakin karatu ta girgiza kai.

"Waɗannan mai sayen takarda ba zai karɓa ba. Takardar da ta sha mai ba ta sake zama takarda."

Ɗan Sauri yana tsaye aka watsa su cikin mota. Jiya da safe lafiyarsu lau. Hawaye suka zubo masa.

A gida Kaka ta buɗe shuɗin littafin, ta tsayar da shi a inuwa. Ta ce rana tana lanƙwasa takarda. Da ya sha iska, ta sa farar takarda tsakanin shafuka, ta danne shi da akwati. Sannan ta ba jikanta baƙin alƙalami mai kauri.

"Kai idonka yana ganin shafukan da suka dushe. Kwafe su da manyan baƙaƙe, yadda za ta gani."

Ya rubuta shafin farko da sauri. Kaka ta duba, ta mayar masa.

"Wannan kaza ce ta bi ta kan takarda? Sake."

Ya sake. Ta ƙara mayar masa. A hankali hannunsa ya koyi tafiya sannu. Da ya gama, Kaka ta ɗinke sababbin shafukan a ciki da allura da zare.

Ranar Asabar aka kafa tebur a ƙofar makaranta. Shugaban makaranta da kansa ya ɗauko shi. Iyaye suka yi ta saye. Direban motar shara ma ya zo, ya zaɓar wa 'yarsa littafin lissafi. Da rana mai sayen takarda ya kwashe busassun da suka yage.

Yarinyar ta zauna a gindin tebur, ta karanta littafinta har ƙarshe. Ta ɗago tana murmushi.

"Rubutun ya fito sarai. Amma kifin da ka zana ya fi kama da takalmi."

Kowa ya yi dariya, har da Ɗan Sauri. Kaka ta dafa kansa.

"Me ka koya?"

"Littafin da aka gama da shi a wuri ɗaya, wani yana jiransa. In ya yage ma, takardarsa tana da amfani. Ba a kai shi bola. Kuma aikin da aka ba ni, in kai shi inda aka ce."

"To, ɗauko mini kujerata mu tafi gida, maigidana."