Jirgin Ruwa Mai Ƙafa Ɗaya

Na dawo Dutse bayan shekarun da na yi ina aikin jirgin ruwa a Lakwaja, na tarar komai ya sake. Tsamiyar ƙofar gidanmu an sare ta. Gonakin da na bari da dawa sun koma na gyaɗa, wai ita ake kaiwa Kano a zuba a jirgin ƙasa. Ɗakin da nake kwana awaki ne a ciki. Gaji, yarinyar da muke tsokana tana kuka, na same ta da goyo. Dada, mahaifiyarmu, ta daɗe tana kallona kafin ta kira sunana. Duwatsun gari ne kaɗai na samu inda na bar su.

Ni kaina na rasa gane ko baƙo ne ni ko ɗan gida.

Sai kuma yaron, ɗan Yaya Hussaini. Na tafi yana rarrafe, na dawo na same shi da gawayi a hannu. Ba abin da ya fi so kamar zane. Yana zane a ƙasa, yana zane a bayan ƙwarya, har turmin gida bai tsira ba.

Yana da abokan zane biyu, Mu'minatu 'yar maƙwabtanmu da Ɗan'inna. In an tashi daga makarantar allo, sai su zauna a gindin dabino. Malam Sharhabilu, malaminsu, shi ke yi wa allon masu sauka zayyana, don haka bai hana su ba. Amma ya kafa musu doka. Kada su zana abu mai rai. Kuma kowa ya fara zanensa a kan yashi, ya nuna wa 'yan'uwansa su faɗi abin da suka gani, kafin ya mai da shi kan ƙwarya ko katako.

Wata rana yaron ya zana dabino a yashi. Ɗan'inna ya leƙa, ya ce wannan ai tsintsiya ce aka kafa a ƙasa. Mu'minatu ta yi dariya. Yaron ya goge zanen da ƙafa. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa ba zai ƙara nuna musu komai ba.

A cikin kayana akwai wasu hotuna da wani mai ɗaukar hoto ya ba ni a Lakwaja. Yaran ba su taɓa ganin hoto ba. Mu'minatu har bayan takardar ta duba, ko abin yana ɓoye a can. Na ba Ɗan'inna na jirgin ƙasa, na ba Mu'minatu na wata gada, na ba yaron na jirgin ruwan da na yi aiki a cikinsa. Kafin sauran su leƙa, ya yi wuf ya cusa nasa a aljihu.

A lokacin Yaya Hussaini yana gina sabon zaure. Rani ne, ruwa ya yi wuya, sai an je rijiya mai nisa da jaki. Ku da kuka taɓa ganin ana gini kun san yadda ake yi. In magini ya yaɓe bango, da yatsa ake zana ado tun ƙasar tana ɗanya. Da rana ta buge ta, shi ke nan, abin da aka zana ya zauna.

Yaron ya roƙi babansa ya bar masa gefen ƙofa ya zana jirgin Baffansa. Yaya ya ƙi. Dada ta sa baki, ta yi ta lallashi, har ya yarda. Amma ya riƙe kafaɗar yaron ya ce:

"Ka ji ni da kyau. Wannan bango kowa zai wuce ya gani. In ka ɓata mini shi, kai da zane har abada."

"Na ji, Baba."

Ni kuwa zaman gida ya riga ya ishe ni. Na ɗauki sandata na tafi Garki wurin wani tsohon abokina. Abin da ya faru a bayana, yaron ne ya ba ni labari daga baya.

Ya shiga bayan rumbu shi kaɗai ya fito da hoton. Ya ga jirgi mai dogon bututun hayaƙi a sama, da tuta. A ƙarƙashinsa kuma ga wani jirgin manne da shi, bututunsa yana kallon ƙasa, tutarsa ma haka. Ya juya hoton. Na ƙasa ya koma sama, na sama ya koma ƙasa, abin bai sake ba. Ya karkata kai. Ya rufe ido ɗaya. Kansa ya ɗaure.

Bai taɓa ganin kogi ba. Ruwan da ya sani shi ne na rijiya da na kududdufin da shanu ke damawa. Ya zauna yana tunani. Ƙarfe yana nutsewa a ruwa, wannan ya sani, don ya taɓa jefa wuƙa a rijiya ya sha duka. To me ya hana wannan ƙaton abu nutsewa? Can sai ya yi murmushi. Ai ƙafa ce! Wancan na sama bututun hayaƙi ne, wannan na ƙasa ƙafa ce da jirgin ke takawa a ƙasan kogi.

Mu'minatu ta zo ta ce ya nuna mata hoton, ita ma ga nata. Ya ce ba yanzu ba. A makaranta Malam ya tambaye shi ko ya zana a yashi 'yan'uwansa sun gani. Ya sunkuyar da kai ya ce zai nuna. Bai nuna ba.

Ranar da Mika'ilu magini ya gama yaɓe, yaron ya hau turmi ya fara aiki. Ya zana jirgin da ke sama, ya zana wanda ke kife a ƙarƙashinsa, ya haɗe su. Da ya zo kan ƙafar, sai ya ga ta yi siriri. Ya yi tunanin za ta iya lumewa a taɓo. Sai ya ƙara mata faffaɗan tafi, irin na raƙumi. Kafin azahar bango ya bushe.

Da na dawo daga Garki, na hango mutane a ƙofar gidanmu. Na ɗauka wani abu ya sami Dada. Ashe bango suke kallo. Wani yana cewa akushi ne da murfinsa. Wata tsohuwa ta ce a'a, kaɗi ake yi, ga mazari nan. Wani ya rantse rumbu ne iska ta kifar. Yaron yana tsaye a kan turmi yana gaya musu jirgin ruwa ne, kuma da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Da suka gan ni, suka juyo gaba ɗaya. Suka ce ga wanda ya je ya gani, ya raba gardama.

Na kalli bangon. Shekaru na yi ina share wannan jirgi, amma wallahi ban gane shi ba. Na kalli yaron, shi ma ni yake kallo. Na so in yi shiru, ba dama.

"Jirgin ruwa ba shi da ƙafa," na ce a hankali.

Aka fashe da dariya. Yaya Hussaini bai yi dariya ba. Ya ce gobe Mika'ilu zai kankare wurin, kuma daga yau kada ya ƙara ganin gawayi a hannun yaron. Ya shige gida.

Da mutane suka watse, yaron ya zo wurina idonsa cike da hawaye. Mu'minatu da Ɗan'inna suna bayansa. Ya fito da hoton ya ɗora yatsa a kai.

"Baffa, ga ta nan fa. Ba ni na ƙirƙira ba."

Na duba. Lallai ga jirgi na biyu a kife. Ni ban taɓa kula da shi ba, don idona ya saba da kogi. Na ce masa na ƙasan nan babu shi. Ya ce to ga shi kuwa yana gani. Na ce yana nan, amma ba jirgi ba ne. Ya ce to mene ne? Na ce ruwa ne. Ya ce ruwa mai tuta? Duk bayanin da na yi sai ya ƙara rikita shi, har ni ma na fara rikicewa.

Duk wannan lokaci Mu'minatu tana leƙen hoton ta gefen hannuna. Ran nan ne ta fara ganinsa. Nan take ta ruga gida. Sai ga ta da faffaɗar ƙwarya cike da ruwa, da ludayi. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ce kowa ya tsaya cik. Muka jira ruwan ya kwanta. Ta riƙe ludayin dab da ruwan.

"Ludayi nawa ka gani?"

Yaron ya durƙusa. Ga ludayi a hannunta, ga wani a kife a cikin ruwa. Ta taɓa ruwan da yatsa. Na ƙasan ya yi rawa ya wargaje, na hannunta yana nan.

Yaron ya dubi ruwan, ya dubi hoton. Sannan ya ce, "Inuwa ce."

Ɗan'inna ya karɓi hoton ya matso da shi kusa da ido. Ya nuna cewa layukan jirgin da ke kife a karkace suke, kuma sun fi na saman dushewa. Mu'minatu ta ce kullum in za ta ɗebi ruwa a randa tana ganin fuskarta haka. Da yaron ya nuna mata tun farko, da ta gaya masa.

Yaron ya ce tsoro ya ji kada su yi masa dariya kamar ranar dabino. Ɗan'inna ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma bai kyauta ba, da ya faɗi inda gyara yake, ba tsintsiya ba.

Muka tafi wurin Malam Sharhabilu. Yaron ya durƙusa ya faɗi gaskiya, ya ce ya karya doka. Malam ya saurare shi har ya gama. Bayan la'asar ya sa takalminsa, ya zo gidanmu da kansa. Ya roƙi Yaya Hussaini ya ba yaron dama ɗaya. Yaya ya ce ba zai iya ƙin maganar Malam ba, amma jakinsa ba zai sake zuwa rijiya saboda wannan bango ba. Wanda ya ɓata, shi zai ɗebo ruwa, shi zai kwaɓa ƙasa. In kuma aka sake yi masa dariya a ƙofar gida, maganarsa ta farko tana nan.

Washegari yaron ya yi ta jigilar ruwa da tulu har wuyansa ya ƙage. Da ya huta, ya share yashi a gindin dabino ya zana jirgin. Ya kira mu.

Ɗan'inna ya ce tafin raƙumin nan dole ya tafi. Mu'minatu ta ce a ja layi tsakanin jiragen biyu, a san inda ruwa ya fara, kuma na ƙasan ya riƙa lanƙwasa. Ni na ce akwai wata babbar ƙafar katako a bayan jirgin, mai juyawa tana tura ruwa. Yaron ya zaro ido ya ce ai na ce ba shi da ƙafa. Na ce wannan irin ta keke ce, zagayayya, ba ta taka ƙasa. Ya dubi hoton, ya ce shi ya ɗauka ganga ce.

Na ga ransa yana sosuwa duk lokacin da aka ce ya goge. Amma ya goge, ya sake, ya kuma tambaya. Sai da kowa ya ce ya yi, sannan ya tashi.

Mika'ilu ya nuna masa yadda zai jiƙa rabin bangon na ƙasa, ya shafa sabuwar ƙasa marar kauri. Yaron ya zana inuwar jirgin da yatsa, a hankali, layukan suna rawa. Mu'minatu ta samo shuni a marina, suka gauraya da farar ƙasa, suka shafa wa ruwan.

Da ya bushe, mutane suka sake taruwa. Tsohuwar nan mai maganar mazari ta ce wannan kam kwalekwale ne babba a kan ruwa, ga ma inuwarsa. Dada ta shafa bangon da hannu, ta tambaye ni ko a cikin wannan abu na yi shekarun nan duka. Na ce a ciki ne. Ta girgiza kai.

Yaya Hussaini ya fito. Ya ja da baya, ya matso, ya sake ja da baya. Sannan ya shiga gida ya fito da guntun gawayi, ya sa a hannun yaron.

"Ɗaya gefen ƙofar yana nan," ya ce. "Amma a yashi za ka fara."

Yaron ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

To, yara, abin da ya koya ke nan. In ba ka gane abu ba, ka tambaya. In ka yi aiki, ka nuna wa 'yan'uwanka tun ana iya gyarawa. Kai kuma da aka nuna wa, ka faɗi gyara, kada ka yi ba'a.

Ba a daɗe ba ƙafata ta fara ƙaiƙayin tafiya. Na ɗaure kayana a tabarma, na gyara takalmina. Amma ban san inda zan nufa ba. Wasu sun ce ana ɗaukar ma'aikata a Baro, wasu sun ce haƙar kuza a Jos ta fi. Na tsuguna a ƙofar zaure da safe, ina jan layin hanyoyin a ƙasa da tsinke, ina gogewa.

Yaron ya zo ya tsaya a kaina. Ya karkata kai yana kallon layukan.

"Baffa, ka nuna wa wani kuwa?"

Na ce ban nuna ba.

"To kada ka goge," ya ce. "Bari in kira su Mu'minatu."