Mutumin da Ya Ƙi Sakin Igiya

Na gaji da kwanciya a ƙarƙashin babur. Shekaru sun ja, gwiwa ta fara yi mini tsiya, tsohon babur ɗina kuma kullum da sabon ciwonsa: yau sarƙa, gobe kuloci, jibi yoyon baƙin mai. Shi ya sa wata rana da yamma na je wurin Kirco, mai sayar da babura a garin Smolyan, na ce ya ba ni sabon nan na doguwar tafiya in ɗana.

"Baba Rumen, wannan fa ba irin akwalarka ba ce," in ji shi. "Ba a kwance shi a bakin titi. In ya tsaya, waya za ka yi, motar janwe ta zo ta ɗauke shi."

"A kan dutse? Ina sabis ɗin?"

"Sai ka zauna ka sha iska. Kuma don Allah kada ka ja kowa da shi, kariyar ɗora kaya ta bayansa roba ce."

Roba! Abu ya kai nauyin saniya, amma bayansa roba. Na yi tsaki, na ɗauko igiyata daga tsohon na cusa a riga, don ban taɓa hawa dutse ba tare da ita ba.

Ba zan yi ƙarya ba, babur ɗin ya yi daɗi. Na bi hanyar garin Devin har rana ta faɗa bayan duwatsu. Kwazazzabo ya yi sanyi, kogi yana ruri can ƙasa, iska tana ƙamshin ɗanyen itace da hayaƙin murhu.

Ina shan wata kwana sai na hangi hular kwano a ƙasa, a bayan tayar wani babur. Duk mahayi ya san ma'anarta: ɗan'uwa ya maƙale, kuma ba a wucewa. Raina bai so ba, gida nake so da miyar waken matata. Haka na taka birki.

Babur ne tsohon yayi, fentinsa ya koɗe. Mai shi yana zaune a kai, rigar fatarsa jiƙe sharkaf, alhali ba a yi ruwa ba. Warin tsatsa da lakar kogi ya bugi hancina.

"Lafiya, ɗan'uwa?"

"Ya mutu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na daɗe ina jira."

Na duba waya. Babu sabis.

"Ja ni kawai," ya ce. "Zuwa gari."

Na tuna maganar Kirco, na watsar. A wurinmu mai ja shi ke ɗaure igiya. Wanda ake ja ba ya ɗaurewa, sai dai ya naɗa ta sau ɗaya a kan babur ya danne da hannu, don in abu ya ɓaci ya saki, kowa ya tsira da ransa. Na ɗaure nawa gefen a kariya, na miƙa masa ɗayan. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Ka san ƙa'ida. In na yi hon, ka saki."

Ya gyaɗa kai, ya sa hula.

Muka tashi a hankali. Da farko kamar ba na jan komai. Abin da ya fara damuna shi ne shiru: ba ƙarar taya a bayana, ba kukan sarƙa.

Sai nauyi ya fara zuwa.

Na sauke giya. Injin ya yi gurnani. Gangara muke yi, amma kamar tudu nake hawa. Warin ƙonewar kuloci ya taso.

Na yi hon.

Igiya ta ƙara ɗamewa.

Na duba madubi. Babu kowa a kan titi. Igiyar ta karkace, ta bi ta saman ƙarfen gefen hanya, ta gangara cikin kwazazzabo.

Tayar baya ta fara ja da baya.

"Saki!" na yi ihu. "Saki mana!"

Muryar ta zo a cikin hulata, daf da kunne.

"Kowa wucewa yake yi. Kada ka bar ni."

Ƙafata ta taɓa ƙarfen. Na ga kumfar kogi a ƙasa. Na murɗe totur har ƙarshe, na rufe ido.

Ƙas!

Kariyar ta ɓalle. Babur ya yi tsalle gaba kamar an mare shi. Ban waiwaya ba har sai da na ga fitilun Devin.

Washegari muka koma wurin ni da Kirco, yana ta mita a kan kariyarsa. Guntun robar ya maƙale a ƙarfen, igiyar tana nan a ɗame. Ya kama ya ja. Ya sake ja. Sai ya cire hannu ya goge a wando.

"Baba, mu tafi," ya ce. "Ana ja daga ƙasa."

Na sayi babur ɗin, na shiga tsarin janwensu, har na fara samun hutu. Da kaka ta zo, wata rana ya mutu mini a wata hanya da ba sabis. Ba abin da zan iya taɓawa a jikinsa. Na ajiye hula a ƙasa, na zauna. Motoci suka yi ta wucewa, babura ma biyu suka wuce, sanyi yana shiga ƙashina. Gab da magariba wani dattijo mai furfura ya tsaya, ya zaro igiya, ya miƙo mini gefe.

"Ka san ƙa'ida, ɗan'uwa. In na yi hon, ka saki."

Na dubi igiyar, sai na ga hannuna ya riga ya miƙe zai cafke ta. Tsoro ya kama ni, ba na hanya ba, na kaina.

"Je ka gari ka turo mini janwe," na ce. "In na riƙe, ba na jin zan saki."