Dutsen da Ghassan Ya Kawo Daga Teku

Magariba ta kawo kai, babu haske a falon gidan iyalin Makki da ke garin Dearborn a Amurka sai shuɗin fitilar tankin kifi. Suhaila ta tsaya gaban gilashin, kwalba ɗaya a kowane hannu. Tun da ciwon zuciya ya ɗauke mijinta Ghassan a ƙarshen bazara wannan aikin ya dawo kanta, ba don ta iya ba. Shi ya raini murjanin da ke ciki, rassa-rassa masu rai a kan wani babban dutse da ya kawo daga gaɓar tekun Florida tun ba a haifi 'yarsu Dalal ba. Kwalba ɗaya ta ruwan alli ce, wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Ɗayar mai kama da ruwan kanwa ce, ita ke hana ruwan yin tsami. In ɗaya ya yi yawa a ruwan tankin, sai ɗayan ya ragu.

A ranar ta gaji, sai ta juye su tare. Nan take ruwan ya turnuƙe fari fat kamar an zuba madara, kifayen suka ɓace a ciki. Gidan ya yi tsit. Can sai wani abu ya bugi ƙofar kicin, ya gangaro har gaban ƙafarta. Guntun mataccen murjani ne, jiƙaƙƙe, yana warin teku, alhali murfin tankin a rufe yake.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai an yi jifa. Murjanin ya fara mutuwa daga tushe, launinsa na zubewa yana barin farin ƙashi. Dalal, wadda ke shekarar ƙarshe a sakandare, ta daina cin abinci. Uwar ta taɓa samunta a kicin tana kaɗa gishiri a kofi tana sha. Asibiti suka auna jini, suka ce damuwar rashin uba ce.

Wata magariba Dalal ta fito daga ɗakinta a hankali, ta zauna a kujerar mahaifinta, ta harɗe ƙafa yadda yake yi.

"Ummu Dalal," in ji ta, amma muryar ta Ghassan ce, har da 'yar dishewar nan tasa. "Sau nawa zan faɗa miki? Ba a haɗa su. Alli da safe, kanwa da yamma. Ke dai komai sai kin yi shi kamar miyar uwarki, a watsa duka a tukunya."

Ya kamata Suhaila ta gudu. Sai ta zauna a ƙasa, ta toshe bakinta, tana dariya tana kuka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Takan dafa shayi da na'ana'a kafin magariba, ta ajiye kusa da kujerar, ta jira. Muryar takan zo, ta yi mata tsiya kan yadda take ajiye mota, ta koya mata gwada ruwan tankin da magani ɗigo-ɗigo har ya sake launi. Ruwan ya washe, jifa ta ragu. Dalal kuwa tana ta ramewa, da safe ba ta tuna komai.

Wafa, yayar Suhaila, ce ta shigo wata rana da burodi mai barbaɗen ganyen ƙamshi na za'atar, ta ji da kunnenta. Ta ajiye faranti, ta ja ƙanwarta kicin.

"Ki dubi wuyan hannun yarinyar nan, Suhaila. Mijinki yana kabari. Wannan da ke zaune tana da rai, a yanzu dai."

Washegari Wafa ta zo da Shehi Murshid, wani dattijo ɗan Yaman da ke koyar da Alƙur'ani a masallacin unguwa. Ya cire takalmi, ya daɗe yana kallon dutsen da ke cikin tankin, sannan ya zauna gaban Dalal ya fara karatu. Ƙasa-ƙasa yake yi. Fanfon tankin ya tsaya da kansa. Jikin yarinyar ya sandare, ruwa ya fara tsattsafowa daga gashinta.

"Wane ne kai?"

"Ghassan ne, ya Shehi. Ba ka gane ni ba?"

"Ni na yi wa Ghassan wanka. Wane ne kai?"

Da muryar ta dawo, ta zama wata daban, mai nauyi, kamar daga ƙasan rijiya.

"A cikin dutsen aka ɗauko ni. Ban yi ƙorafi ba, don mutumin ya kula da gidana. Kullum yana tsaye a gaban gilashi yana surutu, ni kuma ina saurare. Da ya daina zuwa, ruwan ya riƙa ƙona ni. Na yi jifa, ba wanda ya gane. Sai na ari bakin yarinyar da muryarsa, don muryarsa ce matarsa za ta saurara."

"Ta ji. Yanzu ka fita, a mai da dutsenka teku."

Kan Dalal ya juya wajen uwarta.

"Ki bar ni, ba zan ci yarinyar duka ba. Kaɗan-kaɗan. Abin da ya faɗa a gaban gilashin nan yana da yawa, Ummu Dalal. Ya yi maganarki. Akwai abin da bai taɓa iya gaya miki ba."

Kalmomin ƙarshe da muryar Ghassan suka fito.

Shehi ya sunkuyar da kai. Suhaila ta daɗe tana kallon bakin da zai faɗa mata sirrin. Sannan ta kalli wuyan 'yarta, inda jijiya ke bugawa a ƙarƙashin fatar da ta yi sirara.

"Ka tafi da sirrin," ta ce wa aljanin. "Ka bar mini 'yata."

Shehi ya karɓi alkawari a wurin aljanin, ya ɗaga murya da karatu. Dalal ta yi atishawa, ta amayar da ruwan gishiri, ta zube a jikin uwarta. Kafin isha'i an ciro dutsen an sa a bokiti, mijin Wafa ya kama hanyar kudu zuwa teku da shi a bayan mota.

Dalal ta warke, ta koma makaranta. Wata safiya suna karyawa ta ajiye cokali.

"Mama, Anti Wafa ta gaya mini. Ke kin ji muryar Baba, ita ma ta ji, har Shehi. Daga bakina ta fito, amma ni kaɗai ce ban ji ba. Yaya take? Na fara mantawa."

Suhaila ta buɗe baki za ta kwaikwaya mata. Ta gwada, ta sake gwadawa. Muryarta ce kawai ke fitowa.